Za a faɗaɗa ramin haƙar ma'adinai kusa da rafinmu: kotu za ta iya dakatarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfanin da ke haƙar zinariya gabas da garinmu yana neman izinin faɗaɗa aiki har bakin rafin da muke sha, ga shi tun bara ruwan ya soma yin ja. Na ji a wasu ƙasashe manoma na kai masu haƙar kwal ƙara kan ruwa. Mu ma muna da wannan dama?
Wani manomi daga ƙaramar hukumar Anka, Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. A jihar Queensland ta Ostareliya, a 2017, kotun filaye ta ba da shawarar a hana faɗaɗa mahaƙar kwal ta New Acland, ruwan ƙarƙashin ƙasa na cikin dalilai. Amma aka yi ta ɗaukaka ƙara, a 2022 gwamnatin jihar ta ba da izinin. Shari'a ce mai cin shekaru.

A nan gida, ma'adinai na tarayya ne, don haka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumi, bisa sashe na 251 na tsarin mulkin 1999. Wanda ya kai ƙarar kotun jiha ya yi asarar kuɗin lauya.

Ku fara da takardu. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta wa babban aikin haƙar ma'adinai rahoto kafin a fara, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kuma takan baje shi kwana 21 na aiki don jama'a su yi ƙorafi. Ku kai naku a rubuce, a buga muku hatimi a kwafinku. Dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce sai kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, a sake duba ta duk shekara 5. Ku nemi waɗannan takardu ta Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Hukuma na da kwana 7 ta amsa. A ganinmu, tsallake ɗayan matakan nan da kamfani ko hukuma ta yi ya fi saurin kayar da izini a kan doguwar muhawarar kimiyya.

Sai ruwan kansa. Alƙali ba ya hukunci da "ruwa ya yi ja". Jan na iya zama laka kawai, yana kuma iya zama tsatsa: in duwatsu masu ƙibiritu suka haɗu da iska da ruwa, sai su fitar da asid mai narkar da ƙarafa, matsalar da ke addabar mahaƙun kwal. Dalma kuwa, wadda ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, ba a ganinta a ruwa, ba a jin ɗanɗanonta. Iyakarta a ruwan sha miligiram 0.01 a lita.

Kada ku ɗebo a gorar lemo ku kai. Ma'aikacin ɗakin gwaji da hukuma ta amince da shi ne zai ɗeba da hannunsa, a sababbin robobi, ɗaya sama da mahaƙar ɗaya ƙasa da ita, da rani da damina. Ya auna tsamin ruwan nan take (a ma'aunin tsami na pH, mai kyau 6.5 zuwa 8.5 ne), ya ɗiga asid a na gwajin ƙarafa, ya sa a ƙanƙara, ya rubuta rana da wuri da duk hannun da robar ta bi. In babu na sama, lauyan kamfani zai ce gubar ta masu haƙar gargajiya ce, kuma da wuya ku musa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne lokaci. Ƙarar hukumar gwamnati a kan matakin da ta ɗauka wata 3 ne wa'adinta, sai fa in cutarwar na ci gaba. Ranar da kuka ji an sa hannu a kan izinin faɗaɗawar, ku ga lauya a Gusau, ya shigar da ƙara da sunan wakilan gari, ya haɗa da roƙon a dakatar da aikin kafin hukunci. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma a kai su awon dalma a jini tun yanzu.