Tambayi Anti: Hawa Burj Khalifa, da rana ko da dare?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zamu je Dubai ni da maigidana da Hajiyarsa, kwana biyar kawai zamuyi, kuma ni tun ina budurwa nake burin hawa dogon benen nan Burj Khalifa. Toh na shiga intanet naga tikiti kala kala, akwai na hawa 124 da 125 akwai na 148 mai tsada sosai, shi oga cewa yake ɓarnar kuɗi ce, wai gini ne kawai mu tsaya a ƙasa mu ɗau hoto. Hajiya kuma tana da ciwon ƙafa ga tsoron bisa, ko benen gida bata son leƙawa. Wanne zan yanka, kuma wane lokaci yafi? Na gode.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya kaiku lafiya ya dawo daku lafiya. Ki gaya wa oga Anti tace a hau. Amma a batun na 148 ɗin ina bayansa, ki bar masa wannan ya samu abin da zai ce yaci gardama.

Kinga ginin nan tsawonsa mita 828 ne, an fara shi a 2004 aka buɗe ranar 4 ga Janairu 2010, har yau kuma ba a gama wani gini da ya kere shi ba a duniya. Da sunansa Burj Dubai, ranar buɗewa aka mayar da shi Burj Khalifa saboda Sheikh Khalifa bin Zayed, shugaban Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na lokacin. Wurin kallo na hawa 124 yana kan mita 452, na 148 kuma mita 555. A takarda bambancin da yawa, amma wallahi idan kina can sama motocin titin Sheikh Zayed duk kamar tururuwa suke ko daga ina kika leƙa, idonki bazai gaya miki an ƙara mita ɗari ba. Abin da masu 148 suke biya shine ƙarancin layi da wurin zama da ƴar karramawa. In kuɗin na nan zube ba laifi, in kuwa lissafi ake toh 124 da 125 sun isheki.

Ni abin da nake so ki sa wa ido shine lokaci, don shi ne ke gyara tafiyar ko ya ɓata ta. Tikitin da awa ake sayar da shi, kuma na wajen faɗuwar rana yafi tsada ya kuma fi saurin ƙarewa, saboda haka ki yanka ta intanet tun kwanaki kafin ranar, kar ki bari sai kin je ƙofa. Ki duba ƙarfe nawa ake magariba a Dubai a ranar, sai ki zaɓi kamar awa ɗaya da rabi kafin nan. Da tikiti ɗaya kin ga gari da hasken rana, teku da hamada da tsibiran da suka gina cikin ruwa, kin ga rana na nutsewa, sannan kin ga fitilu na kunnuwa unguwa unguwa har garin ya koma kamar an watsa garwashi. Daga ƙarfe 6 kuma ruwan nan mai rawa da ke gindin ginin yake farawa duk bayan rabin awa, daga sama ƙarami zaki ganshi kamar a cikin faranti, kyansa na gaske sai kin sauko kin tsaya a bakinsa.

Wani abu da ya burge ni, saboda tsabar tsawo rana na faɗuwa a ƙasa amma na sama suna ganinta. Har malaman Dubai suka bada fatawa cewa masu azumi da ke sama da hawa 80 su ƙara minti 2 kafin su sha ruwa, na sama da 150 minti 3. Ki ajiye wannan, in oga ya fara ƙunƙuni a layi sai ki bashi labari. Da yake maganar magariba ta zo, akwai masallatai cikin Dubai Mall, katafariyar kasuwar da ke kusa da benen, kuyi la'asar a nan kafin ku shiga layi, kuna saukowa kuma ku wuce ku bada farali.

Yanzu batun ƙafar Hajiya, nan ne aikin yake, ba a sama ba. Ƙofar shiga ba a jikin benen take ba, cikin Dubai Mall take a hawan ƙasa, kuma mol ɗin nan gari guda ne. Ni da naje na ɗauki jirgin metro na sauka a tashar Burj Khalifa ina ta murna na iso, ashe akwai wata doguwar gada mai esi da ta kai wajen mita 800 kafin ma ki shiga mol ɗin, ga ni da takalmi mai tsini don ina so hoto yayi kyau, na ɓata sau biyu ina zagaye wurin kifaye, ƙarshe dai a hannu na riƙe takalmin na isa ina haki saura ƙiris lokacina ya wuce. Laifina ne, ban fito da wuri ba. Ku da Hajiya ku ɗau tasi ya sauke ku a mol ɗin, ku isa da awa guda a hannu, ki tambayi masu kula da baƙi keken guragu in tafiyar zata mata yawa, ba abin kunya bane. Jaka ƙarama kawai, don akwai bincike kamar na filin jirgi.

Tsoron kuma, lifta ɗin a rufe take ba a ganin waje, tana gudun mita 10 a daƙiƙa, kamar minti ɗaya kun kai. Abin da zata ji kawai kunne ya toshe, ta haɗiye yawu ko ki bata alewa ta tsotsa. A sama hawa 125 duk gilashi ne a rufe ruf, 124 ne ke da baranda a waje, itama da dogon gilashi. Kar ki jata bakin gilashin, kar kuma oga ya tsaya yana mata dariya, ki barta ta tsaya daga ciki ta kalli nesa, kallon ƙasa kai tsaye ne ke kawo jiri. Naga tsofaffi da suka shigo suna salati suna riƙe bango, bayan minti goma su ke cewa a ɗauke su hoto. In kuma tace sam bata hawa toh kar a matsa mata, uwa ce, a samar mata wurin zama kusa da ruwan ku hau ku dawo.

Baki faɗa min wane wata bane zai kama, amma ki sani daga Nuwamba zuwa Maris sama tafi washewa. Lokacin zafi ƙura da hazo kan rufe nesa, sai ki hau kiga fari fat ko dogon otal ɗin nan na bakin teku Burj Al Arab da ƙyar zaki hango. In tafiyarku ta faɗo a irin wannan lokacin ki yanki na dare abinki, fitilu basa ɓuya. Ki goge kyamarar wayarki, ki manna ta jikin gilashi ki kashe filasha, in ba haka ba fuskarki kawai zaki ɗauko.