An canza wa kwamfutata mai, amma zafin ya dawo: wane mai zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina karatun zanen gine-gine, kuma ina da laftof ta hannu da na saya shekara biyu da suka wuce. Tun ƙarshen hunturun bana ta fara zafi, fankarta tana ƙara kamar injin markaɗe, idan na buɗe manhajar zane sai ta yi nauyi, wani lokaci ma ta mutu da kanta. Na kai ta wurin mai gyara, ya shafa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sabon farin man nan da ke taimakawa wajen fitar da zafi, ta yi sauƙi kamar wata biyu, sannan zafin ya dawo. Yanzu wani abokina ya ce in nemi ruwan ƙarfe in shafa a madadin man, wai shi ne ƙarshen magana. Don Allah wane mai ne ya fi dacewa in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu kai ga wane mai za ka saya, ina so ka fara tabbatar da cewa man ne ke da laifi, domin sau da yawa mutum yana kashe kuɗinsa a kan mai tsada alhali ciwon yana wani wuri dabam.

Zafin da furosesa ke haifarwa yana da hanya guda da yake bi ya fita. Daga ƙwayar silikon, wato ainihin jikin furosesar, yake shiga wani farantin jan ƙarfe da aka ɗaure a kanta da sukurori, daga farantin ya bi bututun jan ƙarfe wanda aka rufe da ɗan ruwa kaɗan a cikinsa. Ruwan yana zama tururi a gefen da ke da zafi, ya tafi ɗaya gefen ya huce, ya sake dawowa. A can ƙarshen bututun akwai siraran ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, su ne fanka ke hurawa ta fitar da zafin waje. Duk inda wannan hanya ta toshe, sakamakon ɗaya ne. Yawancin furosesoshin Intel da AMD na laftof suna da iyaka tsakanin digiri 95 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan suka kusanci iyakar sai su rage gudunsu da kansu don kada su lalace, wanda shi ne nauyin da kake ji. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai na'urar ta kashe kanta.

Saboda haka ka sauke ɗaya daga cikin manhajojin auna zafi na kyauta, kamar HWiNFO ko Core Temp, ka duba zafin lokacin da kwamfutar ba ta aikin komai, sannan ka buɗe manhajar zanenka ka sa hannu a bakin mafitar iska. Idan iskar da ke fita ba ta da ƙarfi alhali fanka tana ihu, ƙura ce ta toshe haƙoran nan. Idan kuwa iskar tana fita da ƙarfi amma da sanyi-sanyi, kuma lambar ta yi tsalle zuwa 95 cikin daƙiƙa kaɗan, to zafin ba ya isa ga bututun ke nan, kuma a nan ne ake zargin mai, ko ɗaurin farantin, ko bututun da ya huje ya rasa ruwansa. Ka kuma lura da sassan furosesar ɗaya bayan ɗaya, domin idan wani sashe ya zarce 'yan uwansa da digiri 15 ko 20 a kan aiki iri ɗaya, alama ce ta cewa farantin bai zauna daidai ba ko man ya gudu daga wani gefe.

Ban yi mamaki ba da ka ce matsalar ta fara a ƙarshen hunturu. Ƙurar hazo tana da laushi, tana haɗuwa da zaren tufafi da na bargo ta zama kamar auduga a bayan haƙoran, a wurin da ba a gani sai an cire fanka. Daga nan kuma bazara ta shigo, iskar ɗaki ta kai digiri 38 ko 40, alhali da wannan iskar ce na'urar za ta huce. Duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, kusan digiri ɗaya ne furosesa za ta ƙaru, kuma babu man da zai sauya wannan lissafi. Wasu masu gyara suna hura iska ta waje kawai, wanda ke tura ƙurar ciki maimakon ya fitar da ita. Abin da ya kamata shi ne a buɗe, a cire igiyar batir tukuna, a ɗaga fanka, a zare dunƙulen ƙurar da hannu da ɗan buroshi, kuma idan za a hura iska a riƙe fankar da yatsa don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta.

Yanzu ga maganar mai. Aikinsa ƙarami ne ƙwarai, amma ba a iya yi ba tare da shi ba. Fuskar silikon da ta farantin suna da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma iskar da ke maƙalewa a cikinsu ba ta isar da zafi: a ma'aunin isar da zafi da masana ke amfani da shi, jan ƙarfe yana da kusan 400, iska kuwa ba ta kai 0.03 ba. Man da ake shafawa yana tsakanin 'yan lambobi ƙalilan zuwa goma sha wani abu bisa abin da kamfanoni ke rubutawa. Wato ya fi iska nesa ba kusa ba, amma jan ƙarfe ya fi shi sau da dama. Ma'anar wannan ita ce man cike gurbi yake yi, kuma gwargwadon sirantarsa gwargwadon amfaninsa. Ba na ba mutane shawarar su bi lambar da ke jikin kwali, domin kowane kamfani da yadda yake awonsa, har ma kamfanin Arctic ya daina rubuta lambar a sababbin kayansa.

Abin da ya faru da kai, wato sauƙi na wata biyu sannan zafi ya dawo, sananne ne a laftof. Furosesar kwamfutar tebur tana da murfin ƙarfe a kanta, ta laftof kuwa silikon ce tsirara, santsi kamar madubi. Duk lokacin da ta yi zafi ta huce, ita da farantin suna buɗewa suna tsukewa ba a daidai gwargwado ba, kuma wannan motsi yana tura man mai ruwa-ruwa zuwa gefe a hankali har tsakiyar ta zama wayam. Farin man nan mai arha da ake sayarwa a babban sirinji ko a gwangwani ya fi kowane saurin guduwa da bushewa. Don haka abin da za ka nema shi ne mai kauri wanda ba ya ɗaukar lantarki, irin su Arctic MX-6, ko makamancinsa daga kamfanin da aka sani.

Idan da hali, abin da na fi amincewa da shi a laftof shi ne siririn fallen nan na kamfanin Honeywell mai suna PTM7950. A sanyi yana nan kamar takarda mai kaurin kusan rubu'in milimita, idan zafi ya kai wajen digiri 45 sai ya yi laushi ya cike ramukan, idan ya huce ya sake daskarewa a inda yake, shi ya sa ba ya saurin guduwa. Ana sa shi a firji na ɗan lokaci kafin a yanka daidai girman silikon, a ɓare ledar da ke fuskokinsa biyu, kuma ba ya nuna cikakken amfaninsa sai na'urar ta yi zafi ta huce sau da dama. Ka yi hattara wajen saye, domin jabunsa ya yi yawa a kasuwannin intanet.

Ruwan ƙarfen da abokinka ya ambata gaskiya ne ya fi sauran isar da zafi, kuma kamfanin Sony ya yi amfani da shi a PlayStation 5, haka ma Asus a wasu laftof ɗinsa na wasanni. Sai dai su sun gina wa abin shinge tun daga masana'anta don kada ya malala. Tushensa wani ƙarfe ne da ake kira galiyam, wanda ke narkewa a ƙasa da digiri 30, yana ɗaukar lantarki, kuma yana cin alminiyam har ya ruɓar da shi. Ɗigo ɗaya idan ya gangara kan ƙananan kayan da ke kewaye da silikon ya isa ya ƙone babban allon da duk kayan kwamfutar ke haɗe a kansa gaba ɗaya. Kai kuwa ɗalibi ne, kullum na'urarka tana cikin jaka a tsaye, tana shan girgiza a kan babur da mota. Ban ga dalilin da zai sa ka jefa kwamfutar da karatunka ya dogara a kanta cikin wannan kasada saboda 'yan digiri kaɗan ba.

Akwai wani kuskure da nake so ka duba idan an buɗe. A kan wasu ƙananan kayan da ke kusa da furosesa za ka ga gutsattsarin roba masu laushi, waɗanda aikinsu kamar na gammo ne, suna cike tazarar da ke tsakaninsu da farantin. Kowane da kaurinsa, akwai na rabin milimita, da na milimita 1, da na 1.5. Idan aka musanya su da waɗanda suka fi kauri, sai su ɗage farantin daga kan furosesa, zafi ya fi na da. Idan aka cire su aka shafa mai a madadinsu, man ba zai cike tazarar ba. In ba su yage ba, a bar su yadda suke. Man goge baki da giris ɗin mota kuwa, waɗanda ake jin wasu suna gwadawa, kada su kusanci na'urarka.

Ranar aikin, ko kai za ka yi ko mai gyara, a goge tsohon man tas daga fuskokin biyu da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, a bari ya bushe, kuma kada a yi amfani da fetur. A shafa sabon siriri ya rufe fuskar silikon duka har kusurwoyinta, tunda babu murfin da zai rarraba zafin. Sannan a mayar da farantin sau ɗaya ba tare da an ɗaga an sake ajiyewa ba, a ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan bisa lambobin 1, 2, 3, 4 da aka buga a jikinsa, ba a ƙure ɗaya kafin sauran ba.

Kafin ka samu zuwa, ka daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, ka ɗage bayanta da ɗan katako don iska ta shiga ta ƙasa. A Windows kuma ka shiga saitin wutar lantarki ka mayar da iyakar ƙarfin furosesa daga kashi 100 zuwa 99, wanda a yawancin na'urori yake hana ta ƙarin gudun da takan yi idan aiki ya yi nauyi, wanda ke jawo mafi yawan zafi. Zanenka zai ɗan ƙara ɗaukar lokaci, amma da wuya ta sake mutuwa a tsakiyar aiki. Idan bayan an share ƙura an sa mai mai kyau iskar da ke fita ta ci gaba da zama da sanyi alhali lambar tana 95, to bututun ne ya mutu, sai ka nemi wani na irin samfurin kwamfutarka a wurin masu sayar da kayan gyara.