Muryar Kawu: amsa ga mai cewa Hausa ba ta da kalmomi

Assalamu alaikum jama'a. Na saurari abin da ɗana ya turo jiya da daddare, wai Hausa ba ta da yawan kalmomi, shi ya sa dole a riƙa cusa Turanci. To ɗana, na gane ka. Ba tambaya kake yi ba, so kake manya su ɗaure maka gindi ka ci gaba da Ingausarka.

Yawwa, ka ji na ce "ci gaba"? Tsaya nan. Ɗauki "ci" ɗin nan kaɗai, harafi biyu. Da safe ka ci ɗumame, wannan kowa ya sani. To kasuwa fa? Ta Wudil ran Juma'a take ci, ta Maigatari ran Alhamis. Yaro ya ci jarrabawa, ɗan siyasa ya ci zaɓe, alƙali ya ci mutum tara, wuta ta ci rumfa, ruwa ya ci mai wanka a kogi, babbar riga ta ci yadi goma, amarya ta ci ado. Wanne ne a ciki ya shiga baki? Ga 'yar'uwarta "sha". Ka sha iska, ka sha wahala, ka sha kashi a filin ƙwallo, in aka ɓata maka rai ka sha kunu alhali ko ludayi ba ka riƙe ba. Wani Bature ma, Bargery, da ya zauna ya tattara ƙamus a 1934, kalmomi wajen 39,000 ya tara. Kai nawa ka sani a ciki?

Kuma har yau in aljihunka ya bushe cewa kake ba ka da ko sisi. Ka taɓa ganin sisi da idonka? Tun 1973 aka canja kuɗi, fam da sule suka tafi, naira ta zo. Kuɗin ya mutu, sunan yana nan. Je ka Maraɗi ka ji ana ciniki da dala, dala ɗaya sefa biyar... a'a, tsaya, bari in gyara, kada wani ya kama ni. Sisi da sule da kwabo duk aro ne daga Turanci, na sani. Ban ce aro laifi ba ne. Amma mu da muka aro sai da muka lanƙwasa su suka zauna a bakinmu. Ku kuwa ɗanye kuke haɗiya.

Amma ni kalmar da na fi jin tsoro ita ce "wai". Ku da kuka san ni kun san zancen. Mutumin nan da na jawo shago, na ba shi kaya bashi, dila biyu na atamfa, babu takarda babu shaida, don tare muke sahu a masallaci. Ya ci bashi, shekara ta zagayo, ya ci amana. Ban kai shi ko'ina ba, dattawan layi na tara. Muna zaune kan tabarma, an kawo ruwa a kwanon sha, aka ce ya yi bayani. Sai ya gyara hula, ko kallona bai yi ba, ya ce: "Wai yana bi na bashi." Wai! Jama'a, bai ce ƙarya nake ba, da ya faɗi haka da an sa shi rantsuwa. Harafi uku ya jefa, gaskiyata ta koma jita-jita. Na ga fuskokin dattawan nan sun canja nan take. Wallahi dilolin ba su yi mini ciwo kamar "wai" ɗin nan ba, har gobe in na tuna hular nan da ya tura gaban goshi sai in ji abinci ya fita a raina. Kuma har yanzu in mun haɗu shi ke fara miƙo hannu.

Af, ina ma na tsaya? Eh, ɗana. Koma farkon muryar nan ka saurara da kyau, ni ma na ce "wai" a kan maganarka. Da gangan na yi.