Kafin ka yanka wa tsohon piyano kuɗi

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi wa piyanon nan na unguwar Adabraka a Accra kuɗi, wanda magada ke shawarar ko su sayar ko su ba makaranta. Kada ƙyallin katako ya ɗauke maka hankali. In sun ce tun zamanin Turawa yake gidan, ka saurara da ladabi, amma shekaru ba sa ƙara wa piyano daraja. Lafiyar cikinsa ake saye.

Buɗe murfi, cire allon gaba, ka haska tocila. Fara da kusoshin saiti, waɗanda ake naɗe tsirkiyoyi a jikinsu. Tsirkiya wajen 230 ce a ciki, jansu gaba ɗaya ya kai tan 18 ko fiye, kuma katakon da aka kafa kusoshin a jikinsa ne ke hana su saki. Ɗora makulli a kan kusa, ka murɗa kaɗan. In ta yi maka gardama, madalla. In ta tafi sululu kamar an shafa mata mai, katakon ya gaji. Ko ka saita yau, kafin mako ya zagayo muryar ta zube. Ciwon Accra ke nan: damina da iskar teku su kumbura katako, su ci tsirkiya da tsatsa, hunturu kuma ya zo ya busar. Gwada kusa goma a wurare dabam-dabam.

Sai firam ɗin ƙarfe, wanda ke ɗauke da jan tsirkiyoyin. In ya tsage, magana ta ƙare. Duba ƙasa kuma: garin katako mai laushi alamar ƙwaro ce, kashin ɓera kuma na nufin an ci ulun gudumomin da ke bugun tsirkiya. Danna madannai 88 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka saurara.

Lambar da ke jikin firam ita za ta nuna shekarar ƙira. Piyano ƙirar kamfanin Yamaha ko na Kawai mai lafiya yana da masaya. Tsofaffin na Ingila masu miƙaƙƙun tsirkiyoyi da ba su gitta juna ba, sau da yawa kuɗin gyaransu ya fi kuɗinsu. In madannan hauren giwa ne, ka gaya musu tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Lissafin shi ne: abin da irinsa mai lafiya ke yi a kasuwa, ka cire gyara, ka cire dako, don ya haura kilo 200.

Batun kyauta ne ya fi damuna. Na taɓa ganin yara sun kewaye piyanon da aka ba makarantarsu, suna dannawa, rabin madannan ba sa magana. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. In ba ya riƙe saiti, ka faɗa wa magadan gaskiya kafin su kira mota.