Kafin ka taho Saskatchewan

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce makarantar da ta ɗauke ka a wani ƙaramin gari na lardin Saskatchewan a Kanada ta rubuta cewa yankin "sparsely populated" ne, kana neman ma'anarsa, har ka ɗauka yabon wurin suke yi.

Sparsely na nufin jefi-jefi, ɗaya nan ɗaya can, da tazara a tsakani. Kishiyarta densely, wato cunkus. Yawanci wata kalma take rakawa. In ka ga "sparsely furnished" a tallan ɗakin haya, gado da kujera za ka tarar, sauran kai za ka saya.

Ita kuwa ta takardarka, wato mutane jefi-jefi ne a yankin, ka karanta ta da idon basira. Lardin nan ya kai murabba'in kilomita 650,000, ya fi kashi biyu cikin uku na Nijeriya, amma a ƙidayar 2021 mutanensa miliyan 1.1 ne da 'yan kai. Jihar Kano kaɗai ta haura miliyan 9 tun ƙidayar 2006. Kuma kusan rabin mutanen nan suna biranen Saskatoon da Regina da kewayensu. To sauran filin fa?

Gwamnatin lardin ta rufe kamfanin bas ɗinta a 2017, babban kamfanin bas na dogon zango ma ya janye daga yammacin Kanada a 2018. Babu motar da za ka tsayar a bakin titi. In ba ka da mota, ka zama ɗan zaman ɗaki, ga sanyin Janairu da kan kai digiri 30 ƙasa da sifili.

Ni ba sanyin ne ya fi cin raina ba. Juma'a ta zo ba masallacin da zan kai, naman halal sai an yi doguwar tafiya, na kwanta ciwo ba mai leƙowa ya ce sannu. A gida kuwa ana ta cewa ai ni na haye. Alhamdulillahi na gama karatuna, na sami aiki da gumina, amma na san abin da na haɗiye.

Shawarata, nemi gurbi a Saskatoon ko Regina, akwai masallatai da 'yan uwa Musulmi. In kuma ka nace, kafin Baba ya sayar da gonar nan ka tambayi makarantar yadda ɗalibi marar mota yake zuwa kanti da asibiti, ka turo min amsarsu in gani.