Tambaya da Amsa: Wai "caos" ake cewa ko "keyos"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a warware min kalmar nan chaos. Rannan a aji na karanta ta da "ca" irin na caca, 'yan ajinmu suka kwashe da dariya, ni kuma kunya ta hana ni tambayar dalili. Ya ake faɗinta, kuma me take nufi? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kar ki damu wallahi, da yawa cikin masu dariyar nan su ma gyara musu aka yi. Keyos ake cewa, ch ɗin nan k ce kamar a chemistry da school, don asalin kalmar Girkanci ne. A wurin Girkawan ma tun farko ba hargitsi take nufi ba, wani wawakeken rami ne da a tatsuniyarsu suka ce shi ya riga komai, daga baya ma'anar ta koma rashin tsari.

Yau in Bature ya ce chaos to hargitsi yake nufi, yamutsi, abu ya kacame babu mai sauraron wani. Ki ɗauki bakin Kantin Kwari ranar jajibirin sallah, mai adaidaita ya tokare mai baro, mai baro ya tokare mota, ɗan dako na ihu a ba shi hanya da dila a ka, kowa na danna hon amma ko taku ɗaya ba a yi, toh wannan shi ne. Ba sai an yi faɗa ba fa, in aka kai ga jifa da ƙone-ƙone wannan riot ne, wato tarzoma. Haka in ɗakinki ne kawai ya yi kaca-kaca da kaya, mess ta fi dacewa, chaos ta yi masa girma sai dai in da zolaya.

Wurin rubutu ki kula, ba ta da jam'i, kuma galibi ba a sa mata "a" a gaba. "The market was in chaos" za ki ce, in siffantawa za ki yi kuma chaotic ce, keyotik.

Af, gas ɗin da muke girki da shi ma ɗan gidan ne, wani masani ɗan Brussels mai suna Jan Baptist van Helmont shi ya ƙirƙiro kalmar daga chaos a ƙarni na 17. Ki kai wa 'yan ajin naku wannan ki ga ko sun sani.