Amsa: Wace ce matar Birtaniya da ta ci gasar karta ta Turai har sau biyu?

Mai tambaya na son sanin sunanta da abin da ta samu. Victoria Coren Mitchell ce, haifaffiyar Landan a 1972.

A 2006 ta lashe babbar gasar foka (wasan karta na kuɗi) ta European Poker Tour a Landan, ta tashi da fam 500,000, mace ta farko da ta taɓa yin haka. Nasarar 2014 a San Remo ta Italiya ta fi burgewa. Ta zauna teburin ƙarshe, na mutum takwas, ita ce mafi ƙarancin jari, amma ta yi ta haƙuri har ta kwashe kowa. Yuro 476,100 ta samu, kuma kafin ita babu namiji ko mace da ya ci gasar sau biyu.

Kada dai alƙaluman su ruɗe ka, ɗan'uwa. Ba riba ba ce tsantsa. Kuɗin shiga gasanni ba a cirewa a lissafin, balle na jirgi da otal.

A ƙarshen 2014 ta rabu da PokerStars, kamfanin foka na intanet da ke ɗaukar nauyinta, saboda ya buɗe gidan caca na intanet.